Jego a Ƙasar Sanyi: Ziyarata ga Matan Tailan a Arewacin Suwidin

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Sitokholm ya nufi arewa yana tsayawa a Upsala, ya wuce Gävle, daga nan ya kama gefen teku har Sundsvall. A Upsala na shige shi cikin watan Oktoba, lokacin da yini ya fara gajarcewa, sanyi kuma yana ratsa ƙashi tun kafin dusar ƙanƙara ta sauko. Wani gajeren kwas na malaman ungozoma ne ya kai ni ƙasar Suwidin, domin sana'ata ke nan a gida, koyar da ɗalibai karɓar haihuwa da kula da mai jego. An nemi kowa ya yi bayanin al'adun haihuwa na ƙasarsu, ni kuma na yi magana a kan wankan jego, da ruwan zafi da ganyen darbejiya, da kunun kanwa, da gadon ƙasa da akan hura wuta a ƙarƙashinsa. Ina gamawa, wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Tailan, daga lardin Khon Kaen, ta tare ni a bakin ƙofa tana dariya, ta ce ai labarin kakarta na bayar. Ta gaya mini yayarta tana aure a wani ƙauye kusa da Sundsvall, kuma akwai wata 'yar yankinsu da ta haihu kwanan nan a can, saboda haka idan ina son ganin yadda matan Tailan ke jego a ƙasar da ba a san zaman wuta ba, in shirya mu tafi tare a hutun ƙarshen mako.

Tafiyar ta kusan sa'a uku ce, kuma daji ne dama da hagu, dogayen itatuwan katako da tafkuna, sai jefi-jefi jajayen gidaje na katako. A hanya abokiyar tafiyata ta ba ni labarin mutanensu. Waɗanda aka haifa a Tailan da ke zaune a Suwidin sun haura 40,000, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu mata ne. Da yawansu daga Isan suka fito, wato arewa maso gabashin ƙasar, yankin manoman shinkafa da ya daɗe yana tura 'ya'yansa neman kuɗi Bankok da ƙasashen waje. Aure ne ya kawo akasarinsu, domin mutanen Suwidin sun mayar da Tailan wurin gudun hunturu, kuma a can ake haɗuwa. Suna aiki a gidajen kula da tsofaffi, da gidajen abinci, da shagunan tausa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne yadda suke zuwa. Sauran baƙi sukan zo da iyalansu, su tare a unguwa ɗaya a manyan birane, amma matar Tailan ita kaɗai take zuwa, ta shiga dangin miji, sau da yawa a ƙaramin garin da mijin ya tashi. Ranar da naƙuda ta kama ta, babu uwa, babu goggo, babu inna a kusa.

Yayar abokiyata ta ɗauke mu a tasha. Gidanta na katako ne irin na maƙwabta, amma daga ƙofa za ka san wace ce matar gidan, domin akwai ɗan kanta a sama da aka ajiye gunkin Buddha da furanni, ga kuma ƙamshin shinkafa mai danƙo da ake turarawa a kwandon gora. Maigidan ya gaishe mu ya fita, lokacin farauta ne a yankin. Kafin azahar mata sun taru, aka shimfiɗa tabarma a tsakar falo duk da ga teburin cin abinci a gefe, aka daka ɗanyar gwanda da barkono a turmin ƙasa, aka gasa kifi. Sun riga sun ji cewa Musulma ce baƙuwar, don haka babu naman alade a cikin abin da aka kawo, kuma babu wadda ta yi mini gorin hakan. Hirar da harshensu aka yi ta, abokiyata tana juya mini zuwa Ingilishi.

Babbar cikinsu ta haura shekara sittin, kuma sauran suna kiranta Inna. 'Ya'yanta biyu na farko a wani ƙauye kusa da Udon Thani ta haife su, na ukun kuma a Suwidin, don haka ita aka bari ta yi mini bayanin abin da suke kira yu fai, wato zaman wuta. Ta ce tun ciki yana wata bakwai ko takwas miji yake fara tara itace, kuma ba kowane itace ba, sai wanda ke ci a hankali ba tare da hayaƙi mai yawa ba, irin su tsamiya. Da zarar an yanke cibiya an wanke mai jego, sai a shafa mata kurkum, ta ɗaura ɗan zane, ta kwanta a kan siririn gado na gora ko katako dab da murhu. A nan za ta ci, a nan za ta yi barci, a nan za ta shayar, tana juya ciki da baya ga wutar dare da rana. Tukunyar ruwa ba ta sauka daga kan wuta, kuma ba za ta kai ruwan sanyi bakinta ba ko da ƙishirwa za ta kashe ta. Abincinta a kwanakin farko shinkafa ce da gishiri, wani lokaci da busasshen kifi. Kwanakin zaman ba a yin su cif-cif biyu-biyu, sai bakwai, ko tara, ko sha ɗaya, ko sha biyar, kuma haihuwar fari ita ce mafi tsawo, har takan kai kusan wata guda. Da yake gidajen ƙauye a kan dirkoki ake ɗora su, akan zuba ƙaya a ƙarƙashin ɗakin domin tsoron wata fatalwa da suka yi imani tana bin ƙarnin jinin haihuwa.

Dalilin wannan duka yana cikin yadda maganin gargajiyar Tailan ke kallon jikin ɗan Adam, cewa ƙasa da ruwa da iska da wuta ne suka haɗa shi, lafiya kuma ita ce daidaituwarsu. Haihuwa tana tafiya da jini, jini kuma yana tafiya da zafi, sai a bar mace da jiki ɗanye, mai sanyi, mai laima. Wuta ce za ta busar da ita, ta koro jinin biƙi, ta mayar da mahaifa mazauninta, ta kawo ruwan nono. Wadda ba ta yi ba, a cewarsu, ba lallai ta ga komai nan take ba. Sai shekaru sun ja, sannan ta fara jin sanyi yana kaɗa ta duk lokacin da hadari ya haɗu, gaɓoɓi su riƙa ciwo, jiri ya riƙa ɗibarta. Inna ta ce ta yi kwana sha biyar a haihuwar fari, tara a ta biyu, a ta uku kuwa ko awa ɗaya ba ta samu ba. Ta dafa gwiwarta ta ce, “Wannan ciwon na ɗan autana ne.” Wata da ke gefenta, wadda suka yi aiki tare, ta ce, “Haba Inna, shekara ashirin kina ɗaga tsofaffi daga gado, ki bar wa yaron nan laifin da ba nasa ba.” Aka yi dariya, amma Inna ba ta janye maganarta ba, kuma na lura ƙananan matan ma dariyar tasu ba ta kai ciki ba.

Babu abin da ya zame mini baƙo a wannan bayani. Mu ma muna cewa mai jego ɗanyen jiki gare ta, muna tsoron kada sanyi ya shige ta, muna mayar da yarinya gidan iyayenta wankan haihuwar fari har ta yi arba'in. Da na faɗa musu haka, sai zaman ya sake, suka daina yi mini bayani irin na baƙo, suka shiga ba ni labarin asibiti.

Babu ko ɗaya daga cikinsu da ta kushe aikin ungozomomin Suwidin. Awon ciki kyauta ne, ungozoma ce ke riƙe da mace tun daga farkon ciki, likita ba ya shigowa sai in an ga matsala, kuma ƙasar tana cikin waɗanda mace-macen mata wajen haihuwa ya fi ƙaranci a duniya. Sun yaba da yadda ake ɗora jariri a ƙirjin uwa nan take, da yadda ake barin miji ya tsaya har ƙarshe. Inda aka rabu shi ne sa'o'in da ke biyo baya. Al'adar asibitocin ƙasar ce a kawo wa sababbin iyaye faranti na murna, da burodi da cuku da abin sha mai sanyi, har da 'yar tutar ƙasa a tsaye. Wata ta ce da ta ga raɓa tana tsatsafowa a jikin kofin sai gabanta ya faɗi, ta tura wa mijinta ya shanye, ita kuma ta kwana da ƙishi. Bayan 'yan sa'o'i ungozoma za ta ce ta tashi ta taka, ta shiga banɗaki ta yi wanka, in tana so har da wanke kai. Idan ɗinki ya kumbura, abu mai sanyi za a ba ta ta ɗora. Kwana ɗaya ko biyu, in komai lafiya, sai gida. Duk abin da uwarta ta hana ta, cikin yini guda an umarce ta da shi, kuma da fara'a da kyakkyawar niyya.

Na tambaye su me ya hana su cewa a ba su ruwan zafi, tunda ba abu ne mai wuya ba. Amsar da suka ba ni kowace Bahaushiya za ta gane ta, domin kara ce da kawaici. An tarbiyyantar da su a kan kada su ɗora wa wani nauyi, kada su musa wa wanda ya fi su ilimi ko matsayi, balle ma'aikaciyar asibiti da ke ta kai da kawo. Sai mace ta yi murmushi ta gyaɗa kai, ta shiga banɗaki ta saki ruwa yana zuba, ta jiƙa tawul ta fito ba tare da ta yi wankan ba, ungozoma kuma ta rubuta cewa komai daidai. Ga kuma matsalar harshe. Mara lafiyar da ba ta jin harshen ƙasar ana iya nemo mata tafinta, ko da ta waya ce, amma da yake mijin ɗan ƙasa ne yana tsaye a wurin, sau da yawa shi ake bari ya fassara, alhali shi da matar da guntun Ingilishi suke fahimtar juna, kuma bai taɓa jin labarin zaman wuta ba. Wata ta ce da ta yi ƙoƙarin yi wa nata bayani, sai ya ce ai gidansu akwai na'urar ɗumama ɗaki, me za a yi da wuta.

Washegari muka tafi barka. Mai jegon yarinya ce da ba ta kai talatin ba, haihuwar fari, kwananta goma sha biyu, kuma gidansu yana can cikin daji, tafiyar kusan rabin sa'a daga kanti mafi kusa. A arewacin ƙasar nisa ba abin wasa ba ne. Tun da aka rufe ɗakin haihuwa na garin Sollefteå a 2017, matan wannan yanki da dama sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin su kai inda za su haihu, har aka taɓa shirya darasin yadda ake karɓar haihuwa a cikin mota. Mun same ta cikin safa biyu da hular ulu da rigar sanyi, a ɗakin da ni kaina sai da na cire mayafina na sama saboda ɗumi. A gefenta akwai fulas na ruwan citta, a cikinta kuma ta ɗaure jakar roba ta ruwan zafi da dogon zane. A wuyan hannun jaririn akwai farin zare da Inna ta ɗaura masa da addu'a irin tasu, domin kurwarsa ta zauna. Abokiyata ta riga ta gargaɗe ni kada in yabi kyansa da ƙarfi, domin tsofaffinsu suna tsoron jawo hankalin iskoki, shi ya sa ma ake laƙaba wa jarirai sunayen wasa irin su Kwaɗo ko Ƙiba. Na yi masa addu'a a zuciyata, na ce Allah ya raya.

Matan ba su zo hannu rabbana ba. Sun kawo miyar da suke kira kaeng liang, ta kabewa da ɗoɗɗoya da masoro da furen ayaba, wadda ake ba mai shayarwa domin nono ya kawo. Furen ayaban na gwangwani ne, daga wani kantin kayan Asiya a Sundsvall. Yayar abokiyata, wadda ta koyi tausa kafin ta baro gida, ta fito da ƙunshin magani da aka aiko mata busasshe, mai kurkum da wata 'yar uwar citta da suke kira phlai, da ganyen tsamiya, da ciyawa mai ƙamshin lemo, da kafur. Ta turara shi a tukunya, ta gwada zafinsa a hannunta, ta shiga gasa wa mai jegon baya da kafaɗu da cinyoyi. A kan teburi an jingine waya, uwar yarinyar tana kallo ta manhajar LINE daga ƙauyensu, inda dare ya riga ya yi, tana ba da umarni kamar tana ɗakin: a ƙara danna nan, kada a bar ƙafafunta a buɗe, an tabbata ba ta ci ƙwai ba? Can sai yarinyar ta ce, “Mama, ya isa haka, ina jin daɗi,” muryarta tana rawa, uwar ta kau da fuska daga wayar.

A bayan gidan akwai ɗan ɗakin sirace na katako, irin wanda ake samu a gidaje da yawa a arewacin Turai, kuma a kansa ake ta muhawara. A Tailan akan yi wa mai jego rumfar zane a sa tukunyar ganye mai tururi a ciki, saboda haka matan suna ganin ga madadi Allah ya kawo. Yarinyar tana so ta shiga, uwarta tana matsa mata, ungozomarta kuma ta ce ta dakata har jini ya ɗauke, ɗinki ya warke. Suka juyo gare ni. Na ce maganar ungozoma ita ce daidai, domin zafi mai yawa yana buɗe jijiyoyi, yana iya ƙara zubar jini ko ya sa mace ta yanke jiki ta faɗi, kuma idan lokacin ya yi ta shiga na ɗan lokaci kaɗan, da ruwan sha a hannu, da wani a kusa. Na ƙara da cewa batun hana ƙwai da nama ban goyi baya ba, mai shayarwa da ta zubar da jini tana bukatar abinci mai gina jiki. Abokiyata ta fassara wa uwar, ita kuma ta ce to, tunda a ƙasar malamar ma ana zaman wuta, ta yarda da rabin maganar.

Surukar mai jegon ta shigo muna nan, dattijuwa mai kirki, ɗauke da kek da ta gasa. A wurinta alheri shi ne a sa jariri a kekensa a fita da shi shan iska, domin a ƙasar har barcin rana jarirai suke yi a waje cikin sanyi, a naɗe da kayan ɗumi, kuma ana ƙarfafa wa uwa gwiwa ta fita ta motsa jiki. Ta ce ta damu da ganin yarinyar a ƙunshe a ɗaki, tana tsoron kada damuwa ta kama ta. Tsoron nata yana da tushe, shi ya sa ma asibitin yara ke yi wa kowace uwa tambayoyin gano ciwon damuwa idan jariri ya kai wajen wata biyu. Sai dai zaman ɗaki a ƙauyen Isan da zaman ɗaki a dajin Suwidin ba ɗaya ba ne. A can mai jego tana kwance ne a tsakiyar mutane, wata na iza wuta, wata na dafa ruwa, wata na wanke tsumma, maƙwabta suna shigowa hira har dare. A nan ta riƙe dokar kada ta fita, amma babu taron da dokar ta zo da shi.

Gwamnatin Suwidin ta yi nata tanadin, kuma ba ƙarami ba ne. Tun 1974 ta ba uba damar raba hutun haihuwa da uwa, kuma yanzu iyaye suna da kwana 480 a kan kowane yaro, an keɓe wa kowannensu 90 da ba zai iya bar wa ɗayan ba, ban da kwana goma da uba ke samu da zarar an haihu. Mijin yarinyar nan yana wanke kwanuka, yana canza wa jariri ƙunzugu, yana tashi da dare, abin da matan suka ce ba kowane mijin ƙauyensu zai yi ba. Amma kwana goman sun ƙare, ya koma aiki, kuma ko yana nan bai san yadda ake gasa ciki da tukunyar gishiri ba. Kawo uwa daga gida shi ne burin kowacce, sai dai bizar ziyara ta yau da kullum kwana 90 ce, ga takardun gayyata da inshora da kuɗin jirgi, ga gonar shinkafa da ake girbewa a ƙarshen shekara, ga jikokin da aka bar wa tsohuwar riƙo. Uwar wannan yarinya girbi ne ya tsare ta.

A hanyar komawa matar gidanmu ta ce ba za ta bari in tafi ban ga abin alfaharinsu ba, sai ta karkata da mu zuwa Utanede, a gundumar Ragunda, kusa da kogin Indal. A tsakiyar dajin nan sai ga rumfar sarauta irin ta Tailan, fara fat, da dogon tsini mai ruwan zinariya. An gina ta ne domin tunawa da Sarki Chulalongkorn, wanda ya ratsa wannan yanki a watan Yulin 1897 yana duba harkar katako, bisa gayyatar Sarki Oscar na Biyu. An fara ginin a 1997, shekara ɗari bayan ziyarar, kuma hanyar da ke wucewa ta wurin sunansa take ɗauke da shi. A nan abokiyata ta tuna mini da wani abu da ake koya musu a makarantar jinya. Lokacin da sarkin yake wannan tafiya, matarsa Sarauniya Saovabha ya bar wa riƙon ƙasa, kuma ita ce ta yi watsi da zaman wuta a fada a haihuwar da ta yi a 1889, bayan likitoci Turawa sun daɗe suna sukar al'adar, tun daga Dan Beach Bradley, Ba'amurken da ya isa Bankok a 1835. Ta riƙa ba da kyautar kuɗi ga matan da suka haihu a asibitin Siriraj suka yarda su bar wuta, sannan ta kafa makarantar ungozoma a 1896.

Fiye da shekara ɗari bayan haka al'adar ba ta mutu ba, sai dai ta sake kama. Murhu da hayaƙi sun ja baya, amma a yau asibitocin gwamnati a Tailan suna da sashen maganin gargajiya inda ake yi wa mai jego tausa, da gashi da ƙunshin ganye, da sirace, da ɗora tukunyar ƙasa mai gishiri mai zafi a kan mara, kuma tsarin inshorar lafiya na ƙasa yana biya. Akan jira kamar mako guda bayan haihuwa da kai, wata guda ko fiye bayan tiyata. A birane har kamfanoni ne ke zuwa gida su yi. Ma'ana, yarinyar da muka baro a daji ba wani abin da zamani ya binne take nema ba, abin da asibitin garinsu zai yi mata take nema.

Da muka koma Upsala na ba wata ungozoma 'yar ƙasar, cikin masu koyar da mu, labarin abin da na gani. Ta saurara da kyau, ta ce ta karɓi haihuwar matan Tailan da dama, kuma a kullum tana ɗaukarsu marasa matsala domin ba sa ƙorafi. Ta bayyana dalilin da ya sa ba za ta sassauta a kan tashi da wuri ba, wato daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, wanda kan kashe mai jegon da ta daɗe a kwance. A nan ina tare da ita ɗari bisa ɗari, haka ma a kan hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki, da tsimin magani mai barasa da wasu ke ba mai shayarwa. Mu ma mun san illar da zafi ke iya yi. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun yi nazarin mata 224 a Zariya da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka danganta abin da kanwa da zafin wanka da gadon wuta, ko da yake binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta daga baya ya fi ɗora nauyin a kan talauci da rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki. Amma ruwan zafi a kofi, da ƙarin bargo, da miya mai ɗumi maimakon burodi da cuku, da barin wanke kai zuwa wani lokaci, babu littafin likitanci da ya hana su. Na ce mata tambaya ɗaya tak a lokacin awon ciki, ta bakin tafinta ba ta bakin miji ba, za ta wadatar: a gidanku me ake yi wa mace idan ta haihu? Ta ce akwai takardar da mai ciki ke rubuta bukatunta kafin haihuwa, kuma wannan tambaya za ta shiga ciki ba tare da an canza wata doka ba.

Kafin kwas ɗin ya ƙare abokiyata ta nuna mini hotunan da aka turo mata. Jaririn ya cika wata, an kai shi wurin malaman addininsu an aske masa gashin haihuwa, surukar tana riƙe da shi. Jinin mai jegon ya ɗauke, ungozoma ta duba ta, ta fara shiga ɗakin sirace da tukunyar ganyenta, yayar abokiyata tana zuwa duk Lahadi ta yi mata gashi. Mijin ya sayi tikitin watan Afrilu, lokacin bikin sabuwar shekarar Tailan, zai ɗauki wani kaso na hutunsa su tafi su uku, kuma uwar ta aiko cewa ta sayi sabuwar tukunyar ƙasa da gishiri, za ta yi wa 'yarta gashin mara ko da jaririn ya kai wata shida.